Farin Kwali da Tunkiyar Inna

Sana'ata kayan gwari, tun ina da gashi a tsakiyar kai. Nakan sayi tumatir da tattasai da latas da karas a hannun manoman rani na bakin dam ɗin Jibiya, in ɗaure, in tura Maraɗi ta bakin iyakar Magama. Mutane na ɗauka kwastan ɗinmu ko duwan, takwarorinsu na tsallake, su ne ciwon kanmu. A'a, waɗannan mutane ne, ana magana da su. Rana ce ba a magana da ita. Mota ta tsaya a layi awa uku cikin bazara, sai ka ɗaga buhu ka tarar latas ya yi laƙwas, tumatir na tsiyaya. Maganin da muka gada shi ne ruwa. A jiƙa buhu a lulluɓe kaya, a yi ta yayyafi har a tsallaka. To ruwa da kwali kuwa ba sa ga maciji. Kafin a kai Ɗan Isa, a tsallaken iyaka, gindin kwali ya narke, ɗan dako na ɗagawa sai kaya su zube a ƙafarsa. Kwando ya fi haƙuri da ruwa, amma na sama yakan danne na ƙasa.

Wata shekara abokin cinikina na Maraɗi, wanda ke kai wa manyan shaguna kaya har Yamai, ya aiko mini da wasu fararen kwalaye a ninke a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya. Ya ce in riƙa zuba kayansa a ciki, in an sauke a can za a ninke a dawo mini da su. Na shafa na ji santsi da sanyi, kuma sun fi kwalin da muka sani nauyi a hannu. Na kira shi na ce wannan wace irin takarda ce. Ya ce takardar dutse ake ce mata, babu itace a cikinta ko kaɗan, farin dutse ne aka niƙa aka haɗa da roba aka murza. Na ce masa ya bari in tsufa tukuna kafin ya fara yi mini tatsuniya. Ya ce in zuba mata ruwa in gani.

Na zuba, na kuma gani. Ruwa ya zauna a cikin kwalin nan tun hantsi har azahar, na zubar, na goge da hannun riga, ya koma yadda yake. Tafiyar farko da na yi da su, latas ya isa Maraɗi yana ƙas-ƙas, duk da mun yi rabin yini a layi muna yayyafi. Ranar na yi barci har da minshari.

Ni kuma Allah ya yi ni da baki, in na ga abin mamaki ba ya kwana a cikina. Sai na mayar da kwalin nan abin wasa a tasha. In tara direbobi da 'yan dako, in cika shi da ruwa daga jarka, in ɗaga sama ina zagayawa, ko ɗigo babu. In ba ƙato gefe ɗaya in ce ya jiƙa ya yaga in ya isa. Har ma'aikatan bakin iyaka sun san ni da shi, suna ce mini mai kwalin ruwa. Babu wanda ban yi wa wa'azin kwalin nan ba tsakanin Jibiya da Magama, sai mutum ɗaya, wadda muke kwana gida ɗaya da ita.

Mahaifiyata ce, Inna. Tana zaune a wurina tun shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu na wajen Bugaje. A can tana da garken tumaki, kuma dukkansu zuriyar tunkiya ɗaya ce, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ɓarayin daji suka kore su a yini guda. Ɗaya ce ta tsira, don tana ɗaure a bayan ɗaki saboda ciwon ƙafa. Ranar da na je ɗauko Inna ta bar gadonta, ta bar tukwanenta, amma ta ce in ba a sa tunkiyar a mota ba ita ma ba ta shiga. 'Yar uda ce, gaba baƙi baya fari, ga taurin kai. A Jibiya ta haihu sau biyu, duk raguna, ɗaya ya tafi a layya ɗaya a suna. Mace ba ta samu ba, don haka duk abin da ya rage wa Inna daga hannun uwarta yana tsaye ne a kan ƙafafu huɗun nan. A bazarar da nake ba da labari tunkiyar na da ciki, saura kamar wata guda ta haihu.

Wanda bai yi kiwo a cikin gari ba ba lallai ya san wannan ba. In bazara ta yi nisa, harawa ta zama sai mai hali, matan unguwarmu kan ba tumaki kwali. A jiƙa shi a baho ya kwana ya yi laushi, a yayyage, a cuɗa da dusa da ɗan gishiri da kanwa. Ba ya sa ƙiba, amma yana riƙe ciki har ruwa ya sauka ciyawa ta fito. Likitocin dabbobi ba sa so, mu kuma ba mu daina ba. Ni da nake cikin kwalaye, duk mako nakan ɗauro waɗanda suka mutu a bayan babur, in jingine su a zaure bayan ƙofa. Ba na cewa komai, Inna ba ta cewa komai. Yanar ido ta rage mata gani sosai, amma ta san wurin, hannunta ne ke gani mata.

Fararen kwalayen ba sa jin ruwa, amma suna jin jifa. Bayan sun yi ta kai da kawowa a hannun 'yan dako, guda biyar suka tsage a kusurwa. Na ce ba zan yar ba, zan rufe akurkin kaji da su kafin damina. Na ɗauro su, na jingine a zaure bayan ƙofa, don nan hannuna ya saba ajiye kwali. Na shige ciki na nemi abinci. Daga nan ƙarshen kakar tumatir ya ɗauke mini hankali, ina fita bayan asuba ina dawowa a gajiye, akurki da kajinsa suka fita daga kaina.

Kwana goma sha wani abu bayan haka, da safe ina ɗaura hula zan fita, matata ta ce tunkiyar Inna ba ta ci komai ba tun jiya. Na leƙa garke. Tana kwance ta miƙe wuya a ƙasa, kunnuwa a zube, cikinta na hagu ya taso ya yi tauri. Na duba ƙasa ban ga kashi ba sai wasu 'yan ƙwayoyi busassu. Inna na tsugune kusa da ita da bahon dusa, tana miƙa mata a tafin hannu, tunkiya na kau da kai. Na sa hannu a bahon don in ji ko dusar ce ta yi tsami. Sai na ɗago wasu fararen gutsattsari, ƙanana kamar ganyen zogale, an yanka su daidai wa daida.

"Inna, mene ne wannan a cikin dusa?"

"Kwalin da ka aje."

"Wane kwali?"

"Mai santsin nan. Kwana ukku yana cikin ruwa, ya ƙi. Na ce wanga mai ƙwari ne, zai fi riƙe mata ciki. Sai na sa almakashi."

"Kwana nawa tana ci?"

"Sun kusa ƙarewa. Saura guda."

Ina jin kunyar rubuta abin da ya biyo baya, amma haka aka yi. Na ɗaga wa uwata murya. Na ce dutse ne da roba, ba takarda ba ce, duk Jibiya an sani. Na ce abin da ya ƙi jiƙa a ruwa kwana uku ta yaya zai narke a cikin dabba. Na ce ai ko yaro ya san a tambaya. Na faɗi wasu maganganun da ban so in tuna. Inna ta bar ni na zazzage duk abin da ke bakina. Da na yi shiru ta goge hannunta a zane, ba ta ko juyo wajena ba.

"Ka gaya mani?"

Ban gaya mata ba. Na yi wa ƙattin tasha bayani fiye da sau hamsin, da jarka da komai, amma tsohuwar da ke jiƙa kwali a gidana ban taɓa ce mata uffan ba. Sannan na kai su na ajiye a daidai inda take ɗauka.

Labarin dabba marar lafiya ba ya daɗewa bai isa kunnen mahauci ba. Maƙwabcinmu ne, dattijo, mutumin kirki, sai dai shekara arba'in yana kallon dabbobi ta fuskar nama. Ya yi sallama ya shigo da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ya danna cikin tunkiya, ya ɗaga leɓenta, ya buɗe fatar idonta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Inna, irin wannan na sha gani. Leda ce ko 'yar uwar leda, ta toshe tumbi. A yanka tun da sauran rai."

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. In aka yanka, an yi asarar tunkiya da abin cikinta, amma nama ya halatta, a ci a ba maƙwabta. In aka tsaya jira rai ya fita babu yanka, ta zama mushe, sai a ɗaura mata igiya a ƙafa a ja ta bayan gari. Na zaci Inna za ta hana. Ta daɗe tana shafa wuyan tunkiyar, sannan ta yi magana a hankali.

"A yanka. Ba a jan ta a ƙasa karnuka su ci. Ba ta yi mani abin da za a yi mata haka ba."

Ta faɗi haka ba ta ɗauke hannu daga kan gashin dabbar ba. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na san in wuƙar nan ta sauka Inna ba za ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, kuma wannan shirun ne ba zan iya zama da shi a gida ɗaya ba. Na ce da mahauci, Baba, ka ba ni zuwa la'asar. Ya ce shi ba shi da gaggawa, rai ne ke da gaggawa. Muka yi yarjejeniya. Zai zauna kusa da ita, in ya ga ta fara shure-shure ido ya juye ba zai jira ni ba, in kuma ba ta fara ba ba zai taɓa ta ba. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna a kai.

Na ɗebi gutsattsarin a aljihu na hau babur sai Magama. A bakin iyaka akwai likitar dabbobi mai duba shanu da raƙuman da ke shigowa, wata mata Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Jibiya har Hausarta ta fara komawa irin tamu. Na same ta a gefen wata tirela cike da shanu, tana leƙa bakunansu ɗaya bayan ɗaya.

"Mai kwalin ruwa, yau ina jarkar?"

Na buɗe mata tafin hannuna. Ta ɗauki ɗaya ta murza, ta dube ni, dariyar ta tafi. Na ce tunkiyar mahaifiyata ce ta ci. Ta tambaye ni kwana nawa, ko tana kashi, ko tana da ciki. Na amsa duka. Daga nan ta wanke ni tas a gaban direbobi. Ta ce shekara nawa suna roƙonmu mu daina ba dabbobi kwali, na itacen ma ba abinci ba ne, balle wannan. Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba, ranar na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne, likita. Ta ce za ta zo, amma ba za ta bar shanun mutane a rana ba, sai ta sallami motar nan da ta bayanta.

Ban taɓa sanin shanu na da yawa a duniya ba sai ranar. Na tsaya a inuwar wani kamiyo riƙe da waya. Ta yi ƙara sau biyu, kowane karo sai in zaci daga gida ne. Na farko manomi ne ke tambaya ko zan ɗauki tattasai, na biyu wanda ya ɓata lamba ne, kuma Allah ya yafe mini abin da na ce masa. An kira azahar muna nan. Na yi salla a bakin titi, ban san surar da na karanta ba. Sai wajen ƙarfe biyu da rabi ta ɗauko jakarta, ta hau babur ɗinta ta biyo ni.

Ina shiga zaure na kasa kunne ko zan ji ana wasa wuƙa ko ana zuba ruwa. Shiru. Mahauci na nan a kan turmi, wuƙa a cinya, tunkiya na numfashi sama-sama. Likita ta durƙusa ta gai da Inna, ta ce Mama sannu da jinya. Ta sa abin sauraro a haƙarƙarin tunkiyar, ta dunƙule hannu ta danna cikinta, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce sai an buɗe tumbi an kwashe, babu wani magani da zai fitar da shi. Ta ce ta sha yin irin wannan aiki, wasu sun tashi wasu ba su tashi ba, kuma wannan ta galabaita ga ciki, don haka ba ta yi alkawarin uwa ba, ba ta yi na ɗa ba.

Inna ta juyo da fuskarta wajen da muryar ke fitowa.

"Ɗiyata, in kin buɗe ta kuma rai ya zo fita, kina ba shi wuri?" Ta nuna inda mahauci yake.

"Zan ba shi, Mama. Ya ma matso kusa."

"To bisimilla."

A ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida aka yi aikin, a kan sababbin buhuna. Matata ta tafasa ruwa. Likita ta aske gashin kwiɓin hagu, ta wanke da sabulu, ta shafa wani jan magani, ta yi allurai a jere a fatar. Ni na riƙe kai, Inna ta zauna kusa da ni ta ɗora hannu a goshin tunkiyar tana motsa leɓe. Mahauci ya tsuguna wajen wuya, ya fuskantar da kansa gabas, wuƙa a hannun dama. Da likita ta tsaga fata ya leƙo yana kallo da idon sana'a. Ya ce shi dai ya buɗe cikin dabba ba adadi, amma bai taɓa buɗe wanda yake da niyyar rufewa ba. Likita ta ce to yau ya zo makaranta, ya riƙe mata baho da hannun hagu.

Da ta tsaga tumbin wani wari ya tashi wanda ya kori kaji daga tsakar gida. Ta zura hannu har gwiwar hannu ta fara jawowa. Abin bai fito a warwatse yadda na zata ba. Ya cure ya zama dunƙule, sai ta yi ta ɓalla tana zarowa kaɗan-kaɗan. Ana cikin haka kan tunkiyar ya yi nauyi a hannuna, wuyanta ya saki. Mahauci ya ajiye baho ya gyara riƙon wuƙa, ya kama maƙogwaronta da yatsu.

"Tukuna, Baba," in ji likita, ba ta ko ɗago ba.

"Tana tafiya, likita."

"Ba ta tafi ba. Ina jin zuciyarta a hannuna."

Ya dubi Inna, don ita ce mai dabba. Inna ba ta ganin fuskar kowa. Ta sauko da hannunta daga goshin tunkiyar zuwa hancinta ta tare, muka zuba mata ido. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na san gumi na shiga idona ban iya sharewa ba. Can tunkiyar ta ja wani dogon numfashi ta furzar, har da majina a hannun Inna. Inna ta ce a ci gaba. Mahauci ya saki maƙogwaro ya ɗauki bahonsa.

Abin da aka kwaso ya cika bahon wanki har ya yi tozo. Fararen gutsattsarin na nan yadda Inna ta yanka su, ko kusurwarsu ba ta lanƙwashe ba. Amma ba su kaɗai ba ne. Sun sarƙe ne a cikin baƙar leda da ta riga ta zama igiya, da zaren buhu, da wani guntun igiyar roba, har da hannun silifa. Likita ta tona da tsinke ta ce wannan ledar ta yi shekaru tana taruwa, kwalin ya zo ne ya cike gurbin da ya rage. Ba zan ɓoye ba, na tsaya ina auna tarin nan da ido, ina so leda ta fi kwali yawa. Ta ɗan fi. Na ji sanyi a raina kaɗan, sannan na ji kunyar jin sanyin.

Ta wanke, ta ɗinke tumbi, ta ɗinke nama, ta ɗinke fata, mahauci na yaba ɗinkin yana cewa ko tela sai haka. Ta yi mata allurai, ta ce kada a ba ta dusa, sai ruwa kaɗan-kaɗan da ɗanyen ganye in ta nema. Ta ce tashi tsaye ba shi ne alama ba, dabba kan tashi ta faɗi. Abin da za mu jira shi ne tuƙa. In ta dawo da abinci baki tana tauna, tumbi ya kama aiki, ta haye. In kwana uku suka wuce babu, to Baba ya yi aikinsa. Na raka ta har bakin titi ina ta godiya, ta ce in ajiye godiyar in je in gaya wa matan unguwa.

Na je kuwa. Washegari na ɗauki ragowar kwali ɗayan na bi gidajen masu kiwo, ina tsayawa a zaure ina ba da shi a shiga da shi ciki mata su shafa su ji, don su gane shi ko a duhu. Na je tasha na gaya wa 'yan dako duk farin da ya tsage a kawo mini, kada a bar shi a juji. Sun ji labari tun kafin in iso. Wani direba ya ce ashe wa'azin nawa na waje ne, gida bai musulunta ba. Aka yi ta dariya, na bar su, don sun fi ni gaskiya.

Tunkiya ta tashi tsaye a rana ta farko, ta sha ruwa, ta koma ta kwanta. A rana ta biyu ta tsinki ganyen dankali biyu ko uku da na samo a bakin dam, ta bari. Baki dai a rufe. Inna ta mayar da tabarmarta bakin garke, can take cin abinci, can take salla. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, ta ce ya wuce, amma yadda ta faɗe shi na san bai wuce ba tukuna. Mahauci kuma safe da yamma sai ya yi sallama ya ce ya mai jiki, tsummansa a hammata. Ba laifinsa ba ne, alkawari yake cikawa, amma na tsani jin takunsa a zaure.

Rana ta uku ban fita ba. Kaya na jira a bakin dam, na ce su jira. Na zauna a ƙofar ɗaki ina gyaran wani kwando da ba ya bukatar gyara, ina satar kallon garke. Hantsi ya ɗaga, inuwar bedi ta fara janyewa, na fara shirya yadda zan je in kira mahauci da ƙafata don kada ya zama Inna ce za ta aika. Sai na ji ta ce, "Kai, zo nan."

Na taso na je. Tunkiyar na kwance ta naɗe ƙafafu, Inna ta dafa wuyanta. Ta lalubo hannuna ta kama, ta ɗora shi a maƙogwaron dabbar ta danne da nata.

"Tsaya. Kar ka yi magana."

Na tsaya. Da farko ban ji komai ba sai ɗumi. Can sai wani ɗan dunƙule ya taso daga ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin tafina ya haura sama. Kumatun tunkiyar ya cika, muƙamuƙinta ya fara juyawa gefe-gefe, a hankali, idonta a lumshe. Na zauna daɓas a cikin kashin tumaki da farar rigata, ina cewa alhamdulillahi ban san sau nawa ba.

Inna ba ta saki hannuna ba. Ta ja shi ta bi bayan tunkiyar da shi, ta zagaya ɗaya kwiɓin, wanda ba a yanka ba, ta kwantar da shi can ƙasa kusa da hantsa. Muka jira. Wani abu ya shuri tafina daga ciki, ya ƙara shura.

"Tun asuba yake yi," in ji ta. "Na bari uwar ta fara, sannan in gaya maka."